Man giyar injin kwale-kwalenmu ya koma kamar kindirmo, ta ina ruwa yake shiga?

Mai Kwale-kwale daga Daura:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure, musamman iyayenmu masunta da makanikai waɗanda suka daɗe suna hulɗa da injinan ruwa. Akwai matsalar da ta hana ni sukuni, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka san abin kafin in sake kashe kuɗi a banza.

Ni da yayana muna da kwale-kwale a madatsar ruwa ta Sabke, muna kamun kifi, a wasu ranakun kuma mukan tsallakar da mutane da kayansu zuwa ɗaya gaɓar. Injin da muke aiki da shi Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da man 2T, kuma na hannu muka saye shi shekara biyu da suka wuce. Tun daga lokacin hankalinmu yana kan fulogi da kafireta da haɗin mai, amma ƙafar injin, wato ɓangaren da yake nutse cikin ruwa inda farfela take, ba mu taɓa buɗe ta ba, domin wanda ya sayar mana ya ce ya zuba sabon mai, mu kuwa muka ɗauka man giya ba ya bukatar canji tun da ba ƙonewa yake yi ba.

A ƙarshen damina na fara jin wani siririn kuka daga ƙasa duk lokacin da na ƙara wuta, sai na ɗauki injin na kai wa wani bakanike a cikin gari wanda sana'arsa gyaran babura da injinan ban-ruwa. Da ya kwance notin ƙasa, abin da ya fara zubowa ruwa ne garau, kamar cokali biyu, sannan wani abu mai kauri ya biyo baya, launinsa tsakanin kindirmo da kunun gyaɗa. Ya bar shi ya tsiyaye, ya mayar da notin da tsohuwar washarsa, ya ɗura sabon mai ta ramin sama da sirinji har ya ga yana dawowa, ya ɗaure, ya ce mini magana ta ƙare. Bayan mako uku na kwance notin da kaina domin in duba, sai na tarar man ya soma yin fari kamar yadda ya yi a da. Ban da wannan, idan muka jingine injin a gida nakan ga wani baƙin mai yana ɗiga daga tsakiyar farfela.

Abin da nake roƙon a fahimtar da ni shi ne ta ina ruwan yake shiga, wane irin mai ya kamata mu riƙa zubawa kuma bayan tsawon wane lokaci, sannan ko za mu iya ci gaba da lallaɓawa muna canza mai kawai har lokacin da aiki zai ragu, domin gidaje biyu ne suke ci daga wannan injin. Allah Ya saka da alheri.

Bakaniken Injin Ruwa, Dutsin-Ma:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da wannan hidima, Allah Ya kawo sauƙi. Na shafe shekaru ina gyara wa masunta na Zobe irin wannan injin, kuma abin da ka kwatanta shi ne ciwon da ya fi kowane kawo mini ƙafar inji.

Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Baƙin man da kake gani yana ɗiga daga tsakiyar farfela galibi ba man giya ba ne, domin hayaƙin wannan injin ta cikin cibiyar farfela yake fita, kuma man 2T da bai gama ƙonewa ba yakan taru a hanyar hayaƙin ya riƙa gangarowa idan an ajiye inji, musamman in ana yawan tafiya a hankali wajen shimfiɗa koma. Ka lakato shi da yatsa ka sansana: idan warin fetur da hayaƙi ka ji, to na 2T ne, amma man giya yana da wani wari mai nauyi irin na farar wuta wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa.

Farin mai kuwa magana ce babba. Mai ba ya yin fari don tsufa. Idan ya tsufa duhu yake yi. Farin da ka gani ruwa ne da haƙoran giya suka burga shi da man kamar yadda ake burga nono, ruwan garau da ya fara zubowa kuma shi ne wanda ya rabu ya kwanta a ƙasa saboda ya fi mai nauyi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, don haka canza mai ba tare da gano tsagar ba kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Ni a wurina ina bin ƙofofin ne daga mai araha zuwa mai tsada. Ta farko ita ce washar notunan nan biyu, na sama da na ƙasa. Ba washar ƙarfe ba ce, ta wani abu ce mai laushi da aka yi domin ta matse sau ɗaya ta toshe wurin, kuma da zarar an kwance ta ta riga ta gama aikinta. Wanda ya mayar maka da tsohuwa ya yi kuskure, kuma sau da yawa na tarar da tsohuwar washa ta maƙale a cikin ramin an ɗora wata a kanta, biyun suka ƙi zama daidai, ruwa ya sami hanya. Ƙofa ta biyu, wadda na fi zargi a injin da yake aiki cikin masunta, ita ce sil ɗin da yake bayan farfela, wato zoben robar da yake hana mai fita da ruwa shiga, wanda yake rungume da shaf, sandar ƙarfen da farfela take kai. Ta uku ita ce sil ɗin dogon shaf da yake saukowa daga inji, wanda yake ƙarƙashin famfon ruwa. Wannan kullum ruwa mai ƙarfi yana kansa, kuma idan ruwan dam ya yi laka da yashi a damina yakan ci shi da wuri. Bayan waɗannan akwai robar da take zagaye da sandar sa giya, da zoben roba na gidan boris, wato mazaunin ƙwallayen ƙarfen da shaf yake juyawa a kansu. Idan kuma an taɓa bugun kututture ko dutse da ƙarfi, shaf ɗin farfela yana iya lanƙwasa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba amma sil zai ji, ya riƙa buɗe baki a kowane juyi.

Sai maganar ɗura mai, wadda a nan ne bakaniken naka ya yi kuskure mafi girma, kodayake ba na ganin laifinsa ƙwarai tun da a babur ta sama ake zubawa. Cikin ƙafar injin matsattse ne, kuma man giya yana da kauri, saboda haka idan ka ɗura ta sama iskar da take ciki ba ta da hanyar fita, man zai toshe ramin ya dawo maka, ka ɗauka ya cika alhali ko rabi bai kai ba. Yadda ake yi shi ne a tsayar da injin a miƙe, a ajiye kwano a ƙasa, a kwance notin ƙasa, sannan a kwance na sama domin iska ta shiga man ya zubo duka. A ba shi lokaci ya tsiyaye, kada a yi gaggawa. Daga nan a sa bakin robar man ko tiyon sirinji a ramin ƙasa, a riƙa matsawa a hankali man yana hawa yana koro iska, har sai ya fito ta ramin sama babu kumfa. Kafin a zare bakin robar sai a ɗaure notin sama da sabuwar washa, domin idan sama ta toshe man ba zai zubo da sauri ba, sannan a zare a yi maza a ɗaure na ƙasa. Injinka yana shan kimanin mililita 250, wato rubu'in lita, don haka idan ka ga abin da ya shiga bai kai haka ba, ka san iska ta tokare a ciki. A ɗaure notunan su matse sosai amma ba da ƙarfin tsiya ba, domin jikin ƙafar alminiyam ne, kuma in zaren ramin ya lalace an shiga wata wahalar. Idan noti ya kafe, a nemi babban sukundireba da ya cika tsagar kansa, ko irin wanda ake buga wa guduma, kada a yi ta kokawa da ƙarami har kan notin ya cinye.

Ka kuma duba kan notin ƙasa, domin a irin waɗannan injinan yakan zo da maganaɗisu. Idan ka ga toka-tokan ƙura mai laushi kamar kwalli ta manne masa, wannan cin yau da kullum ne, ka goge kawai. Amma idan ka murza tsakanin yatsunka ka ji ɓarɓashi mai kaifi, ko ka ga gutsuren ƙarfe mai sheƙi, to haƙori ko boris ya fara karyewa.

Game da lallaɓawa, gaskiya ban ba ka shawarar haka ba. Kukan da ka ji alama ce boris ya soma jin jiki, kuma kuɗin sil da washa da mai ba su kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin giya da boris, balle sabuwar ƙafa. Idan dole ne ka fita gobe, ka canza man yadda na faɗa da sababbin washa, amma ka cire farfela ka duba bayanta tun yau.

Tsohon Masunci, Jibiya:

Assalamu alaikum. Bakanike ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara basira. Ni ba makaniki ba ne, amma na tsufa a kan ruwa, kuma ina so in tsaya a kan abu ɗaya da ya ambata a ƙarshe, wato duba bayan farfela, domin a nan na taɓa yin asarar da har yau idan na tuna raina yakan sosu.

Ɗana, a zamanin iyayenmu da zaren auduga ake saƙa koma, idan ta tsinke ta faɗa ruwa sai ta ruɓe ta bi laka. Yanzu kuwa kalli da mamari da igiyar fatsa duk na zaren roba ne, siriri kamar gashi, ba ya ruɓewa, kuma ido ba ya ganin sa a cikin ruwa. Farfela takan kwaso shi, wani ya naɗe a fukafukai inda za ka gani ka cire, wani kuma ya zurara ya shige tsakanin farfela da ƙafar inji, ya naɗe a jikin shaf a bayan kaurin zoben ƙarfen nan da farfela take jingina da shi. A can yake zama yana juyawa, zafin gogayya ya narkar da shi ya dunƙule ya zama kamar zobe, sannan ya riƙa tura kansa cikin sil yana yanka leɓen robar a hankali. Daga waje ba za ka ga komai ba.

Haka ya faru da ni wata shekara da ruwa ya cika sosai. Muna tsakiyar dam da yamma, kwale-kwale cike da kifi da yara biyu, sai na ji injin ya yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan ya ci gaba da kuka a sama amma jirgin ya tsaya cik. Da filafili muka kai gaɓa bayan isha'i. Washegari da aka buɗe, man da ya rage bai cika cokali uku ba, sauran duk jan ruwan tsatsa ne, haƙoran ƙaramar giyar sun goge kamar bakin tsoho. Da aka zare farfela, ga baƙin zoben zaren nan ya manne a bakin sil, na ɗauka ma wani ɓangare ne na injin sai da bakanike ya sa tsinken ƙarfe ya warware shi zare-zare a gabana. Wata biyu muna haya a jirgin wani kafin mu haɗa kuɗin gyara.

Tun daga ranar, duk Juma'a da safe, ranar da ba mu fita, nakan cire murfin fulogi domin kada injin ya tashi a hannuna, in miƙe ƙusar da take riƙe da notin farfela in zare ta, in tokare fukafukai da guntun katako, in kwance notin, in jera kayan a kan buhu bi da bi yadda suka fito domin kada in rikita su wajen mayarwa. In cire zoben ƙarfen, in duba, in goge, in shafa giris a jikin shaf domin farfela kada ta kafe. Aikin bai kai rabin awa ba, kuma da wuya in yi wata guda ban ciro zare ba.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana masunta, don girman Allah a daina jefa yagaggiyar koma a ruwa. Wanda ya jefa yana ganin ya rabu da shara, alhali ya ɗana wa ɗan'uwansa tarko ne, wataƙila ma kansa. Ya kamata Sarakunan Ruwa su riƙa tsawatarwa a kan wannan kamar yadda suke tsawatarwa a kan kama ƙananan kifi.

Direban Tifa, Mashi:

Salam. Ni ban taɓa riƙe injin ruwa ba, amma a mota idan akwatin giya ko aksul yana yoyo mukan zuba mai mai kauri, lamba 140, wani lokaci har a haɗa da ɗan giris, sai yoyon ya ragu a ci gaba da aiki. Ina ganin tun da giya giya ce, me zai hana ɗan'uwanmu ya yi haka ya samu ya ƙarasa kakarsa, in ya so daga baya ya yi babban gyara? Kuma man giyar mota yana ko'ina a kasuwa, ba sai an aika Kano ba. Idan na yi kuskure masana su gyara mini.

Malamin Koyar da Sana'a, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba na Jibiya da sauran 'yan'uwa. Malam Direba, niyyarka mai kyau ce, kuma tambayar ta dace domin mutane da yawa haka suke tunani, sai dai dabarar mota ba ta aiki a nan saboda dalilai biyu. A mota matsalar ita ce mai yana fita, a waje kuma iska ce kawai. A ƙafar injin ruwa mai yana fita, ruwa kuma yana shiga, kuma kaurin mai ba ya hana ruwa shiga. Abin da yake faruwa shi ne idan ana aiki man yakan yi ɗumi iskar ciki ta kumbura ta turo sil zuwa waje, idan aka kashe injin kuma ƙafar tana cikin ruwa sai ta huce, iskar ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta duk inda ta sami rauni. Shi ya sa ake sa sil biyu a jere a bayan farfela. Dalili na biyu shi ne gudun juyi. Irin wannan injin idan an ba shi wuta duka yana juyawa sau 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya, ƙaramar giyar da take ƙarshen dogon shaf kuma da wannan gudun take juyawa, farfela tana yin kusan rabinsa. Giris a irin wannan gudu gefe yake komawa, haƙora su haƙa hanya a cikinsa su ci gaba da juyawa a bushe, kuma ba zai hau zuwa boris na sama ba.

Man da kamfanin Yamaha ya rubuta wa waɗannan ƙananan injinan shi ne man giya mai lamba SAE 90, na ajin GL-4, kuma rubutun yana jikin roba ga mai son dubawa. Wanda aka yi musamman domin injin ruwa ya fi, saboda an haɗa shi yadda zai iya riƙe ɗan ruwa a jikinsa ya ci gaba da kare ƙarfe daga tsatsa, kuma ba ya saurin kumfa. Idan babu shi, man giyar mota mai lamba 90 ko 80W-90 na kamfanin kirki, a rufe da hatiminsa, ya fi barin farin mai a ciki nesa ba kusa ba, amma a matsayin maganin wucin gadi. Abin da ba za a kusanta ba shi ne baƙin man inji, da man 2T, da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba. Lokacin canji kuwa shi ne bayan kowace awa 100 ta aiki, sabon inji ko sabuwar giya kuma ana fara canza musu tun da wuri, bayan awa 10 zuwa 20 na farko gwargwadon abin da littafin injin ya ce. Mu lissafa da kyau: wanda yake aiki awa huɗu a rana zai cika awa 100 a kwana 25, don haka masunci da yake fita kullum kusan duk wata ya kamata ya canza, ba shekara-shekara ba kamar masu jirgin shaƙatawa a Turai. Kuma duk wanda zai ajiye inji na tsawon lokaci ya canza man kafin ajiya, ba bayanta ba, domin ruwan da ya kwana wata uku a kan boris ya gama aikinsa.

Ga mai tambaya, akwai hanyar gano wurin yoyo ba tare da canke ba, kuma ita nake koya wa ɗalibaina. A tsiyaye man duka, a ɗaure noti ɗaya da sabuwar washa, a ɗaura tiyo a ɗaya ramin, a hura iska da famfon hannu mai agogo. Iskar kaɗan ake bukata, kada ta wuce psi 14 a ma'aunin ƙarfin iska da yake jikin agogon, kuma kada a kuskura a sa kwampreson mai faci, domin zai tunkuɗo sil ɗin da yake lafiya ma. Idan allurar agogon ta tsaya, ƙafar a toshe take. Idan tana sauka, a tsoma ƙafar cikin baho ko a shafa ruwan omo a bayan farfela da kan notuna da wajen famfon ruwa da sandar giya, a riƙa juya shaf da hannu a hankali, inda kumfa ta taso nan ne tsagar. Masu kayan aiki sukan ƙara da gwajin zuƙe iska, saboda akwai sil ɗin da yake riƙe turi daga ciki amma ya saki idan daga waje ne.

Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zubar a bakin dam, domin ruwan nan shi mutane da dabbobi suke sha, kuma a cikinsa kifin yake.

Mai Kwale-kwale daga Daura:

Assalamu alaikum. Na rasa bakin godiya, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna. Jiya bayan sallar asuba ni da yayana muka bi abin da Baba ya kwatanta. Farfelar ta ƙi fita sai da muka jiƙa ta da mai muka riƙa bugun ta a hankali ta kan katako, domin ga alama tun da muka sayi injin ba a taɓa cire ta ba. Da muka zare zoben ƙarfen, wallahi abin da Baba ya faɗa shi muka gani: wani kore-koren zobe mai tauri ya manne a bakin sil, da na sa allura na ɗago shi sai ga zare yana warwarewa, muka yi ta ja har ya fi kamu goma. Leɓen robar ya yage a gefe ɗaya, har ina iya ganin ɗan siririn waya mai kama da sifirin a ciki, kuma da na danna wurin sai ɗigon farin mai ya fito. Da muka kwance notin ƙasa kuma mun tarar da washa biyu a haɗe kamar yadda Oga Bakanike ya yi hasashe. A kan maganaɗisun akwai baƙar ƙura da yawa, amma na murza ta sosai ban ji wani abu mai kaifi ba.

Mun yanke shawarar dakatar da fita har sai an gyara, yayana zai riƙa zuwa da filafili kusa da gaɓa a 'yan kwanakin nan. Abin da ya rage in tambaya shi ne ko zan iya ƙwaƙulo sil ɗin da kaina in buga sabo, ko sai na kai wa mai sana'ar. Na kuma lura akwai wani ɗan layi da ya zagaye shaf ɗin daidai inda sil yake zama, ban sani ba ko haka aka ƙera shi.

Bakaniken Injin Ruwa, Dutsin-Ma:

Alhamdu lillahi da aka gano shi kafin haƙora su tafi. Malam, layin nan ba ƙira ba ce, cin zare da yashi ne. Ka bi ta kansa da farcenka: idan farce ya wuce sumul, ana iya goge wurin da takardar yashi mafi laushi da ɗan mai, sabon sil ya zauna lafiya, idan kuwa farce ya maƙale, ramin ya yi zurfi, kuma sabon sil ba zai daɗe ba sai an canza shaf ɗin ko an gyara zaman sil ɗin yadda leɓensa ba zai faɗa cikin ramin ba, wanda aiki ne na mai ido. Ka kuma juya shaf ɗin da hannu kana kallon ƙarshensa kusa da wani tsayayyen abu, idan yana rawa to ya lanƙwasa.

Ban so ka ƙwaƙulo shi da sukundireba a wurin, domin ƙarfe ɗaya da zai zame ya karce shaf ko ya ɓantare gidan alminiyam ya isa ya mayar da ƙaramin gyara babba. Daidai shi ne a zaro gidan boris gaba ɗaya, a fitar da sil biyun a kan tebur, a lura da inda fuskar kowane take kallo kafin a cire, a buga sababbi a miƙe da abin da ya yi daidai da faɗinsu, a shafa giris a leɓensu, a canza zoben robar gidan, kuma a wannan lokacin ne za a ga boris da ido a san ko kukan da ka ji ya bar tabo. Ka sayi sil da lambar injinka da take rubuce a ƙarfen da ake maƙala shi a jirgi, kada ka karɓi na babur don faɗinsa ya yi kama, domin sifirin na injin ruwa ba ya tsatsa, na babur kuwa 'yan makonni zai yi a ruwa ya tsinke. Tun da za a sauke ƙafar, ka sa a duba sil ɗin ƙarƙashin famfo, a canza robar famfon ruwa wadda muke kira infela, domin ita ma ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, kuma kada wanda zai gwada injin ya tayar da shi a bushe ko na ɗan lokaci, a tsoma ƙafar cikin durom har ruwa ya rufe famfon.

Bayan gyara a yi gwajin iskar da Malamin Katsina ya bayyana kafin a zuba mai. Saboda ragowar farin man da yake maƙale a lunguna, ka yi aikin kwana biyu ko uku da man farko, ka zubar da shi, ka sake ɗura sabo da sababbin washa, sannan ka bar injin ya kwana a tsaye ka sassauta notin ƙasa da safe ka ga abin da zai fara ɗigowa. Idan mai ne garau launin zuma, ka rubuto ka shaida mana, kuma ka faɗa mini ko kukan nan yana nan ko ya tafi.